Gashin da Mama Ozella Ta Hana a Taɓa

Duk wanda ya taɓa cin soyayyiyar tarwaɗa a garinmu, da wuya a ce ba ta bi ta hannun Claudine Tolliver ba. Shekara ashirin da huɗu ta yi tana tsaye a layi na uku a kamfanin gyaran kifi da ke bayan titin jirgi, wuƙa a hannun dama, ƙafa cikin ruwan sanyi tun safe har la'asar. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa. Ba ta da yawan magana sai an tsokane ta, in kuwa aka tsokane ta, to mutum ya gyara zama ya ji tarihin kakanninsa. Amma abin da aka fi saninta da shi gashinta ne. A wurin aiki cusa shi take cikin hular raga kamar kowa. Ranar Lahadi kuwa, in ta sake shi ya zubo har tsakiyar bayanta ta nufo coci, har matan da ba sa amsa gaisuwarta sai sun saci kallo.

Ba da wannan sunan aka haife ta ba. Clovis aka sa mata, aka rubuta namiji a takarda, aka raine ta a matsayin ɗa namiji, ita ce auta a gidan Mama Ozella da mijinta Elbert. Babu wanda bai san haka ba, don garinmu bai kai girman da zai riƙe sirri ba. A wannan yankin na Mississippi, in ka yi atishawa a gonar auduga, kafin ka iso gida an kai wa matarka labarin mura.

Mama Ozella ita ce mai gyaran gashin unguwarmu, kuma kicin ɗinta shi ne shagonta. Kowace Asabar da rana 'yan mata kan jeru a benci suna jiran layi saboda cocin gobe. Za ta ɗora matajin ƙarfe a kan wutar risho, ta zaunar da yarinya tsakanin gwiwoyinta, ta lakato man gashi ta shafa, ta goga matajin a tsumma ta ga ko zafinsa ya yi yawa, sannan ta ce, “Riƙe kunnenki.” Duk macen da ta tashi a unguwar nan tana da ɗan tabon ƙuna a bayan kunne, kuma duk sun san wadda ta yi musu. Claudine tun tana ƙarama a bakin ƙofar kicin ɗin take wuni, ta riƙe kunnenta ita ma ba tare da kowa ya ce ta riƙe ba.

A waje kuwa, a baranda, nan ne wurin 'ya'ya maza. Elbert direban tarakta ne, mutum mai taurin kai da ƙarancin dariya, kuma duk Asabar ta biyu yakan fito da injin askinsa ya yi wa 'ya'yansa biyu ƙwal kwabo. Purvis, yayan, ko a jikinsa. Auta ce ke kuka, kullum, har uban ya riƙa haɗa mata da ranƙwashi.

Tana da shekara goma sha huɗu Elbert ya samu aikin gyaran gaɓar kogi, ya yi wata biyar ba ya gari. Gashin ya samu sarari ya fito, baƙi wuluk, mai cika. A ƙarƙashin hula take ɓoye shi, uwar kuma ta gani ta kau da kai. Ranar da Elbert ya dawo Asabar ce, kicin cike da 'yan mata. Bai ko ajiye jakarsa ba ya fizge hular. Ya ja ta zuwa baranda, ya danne kanta a cinyarsa, ya aske shi tas a gaban maƙwabta, har ya ji mata ciwo a ƙeya. Tana ihu tana kiran Mama. Mama Ozella na tsaye a ƙofar kicin da mataji mai zafi a hannu, tana kallo, ba ta hana ba. Da aka gama ta koma ciki ta ce wa yarinyar da ke zaune ta riƙe kunnenta.

Shekara goma sha tara Claudine ta hau motar Chicago, ba ta sake takowa garin nan ba sai da Elbert ya mutu. Lokacin tana da talatin da biyar. Ta sauko daga mota cikin baƙar doguwar riga, gashi har kafaɗa, da sabon suna. Purvis ya tare ta a ƙofar coci ya ce ba a nan ba, ba yau ba. A tsaye ta yi jana'izar ubanta, can bayan motoci. Mu kuwa da muke ciki, wuyanmu ya gaji da waiwaye, babu wanda ya ji abin da fasto ya faɗa.

Kwana uku bayan nan ta je yi wa uwarta sallama, jakarta a hannu. Asabar ce. Mama Ozella ta sallami sauran 'yan matan da ke benci, ta dube ta tun daga takalmi har ka.

“Wa ya yi miki wannan aika-aika? Mutanen Chicago ba su san mai ba ne? Dubi bakin gashi duk ya kakkarye kamar tsintsiyar shara.”

“Mama, mota zan kama.”

“Motar ubanki ce da ba za ta tafi ta dawo ba? Zauna.”

Ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin uwarta, ƙatuwar mace, kanta ya kusa kai wa ƙirjin tsohuwar. Ta ji ƙamshin mai, ta ji zafin ƙarfe yana matso ƙeyarta. Yatsun Mama Ozella suka tsaya a kan tsohon tabon nan, suka daɗe a wurin.

“Riƙe kunnenki,” in ji ta. Can kuma ta ce, “Muddin ina numfashi, ƙarfe mai yanka ba zai ƙara hawa kan nan ba. Kin ji na faɗa.”

Iyakar ban-haƙurin da aka yi ke nan, kuma ya ishi Claudine. Motar Chicago ta tafi ba da ita ba.

Kada wani ya ɗauka garinmu ya buɗe mata hannu. Mu mutane ne masu cin tuwon mutum mu zagi tukunyarsa. Babu jana'izar da za a yi a cocinmu ba a aika wa Claudine ta dafa ganye da wake da burodin masara ba, amma ƙungiyar matan coci ba ta taɓa samun gurbin rubuta sunanta ba. A kamfani, shekara bakwai ta yi ba ta shan ruwa daga safe har a tashi, don bayan gidan mata an yi ƙorafi, na maza kuma ba wurin shigarta ba ne. Sai da ƙodarta ta kwantar da ita sannan aka ba ta makullin wani ɗan banɗaki a bayan sito. Lasisin tuƙinta har yau da harafin maza a jiki, duk ɗan sandan da ya tsayar da ita sai ya dubi katin, ya dube ta, ya sake duban katin. Akwai wani direban babbar mota da ya so ta shekara tara, so na gaskiya, amma ta ƙofar baya. Ranar da ta ce ya raka ta coci ko sau ɗaya, daga nan hanyarsa ta daina biyowa ta garinmu.

Duk wannan ta shanye, don tana da Asabar. Da an tashi aikin rabin rana za ta wanke ƙarnin kifi, ta zauna a ƙasa a kicin, uwar na jan gashi tana mita.

“Ke dai kanki kan jaki ne, mataji uku kika cinye min.”

“Gado na yi, Mama.”

“Daga dangin ubanki, ba daga nawa ba. Daina motsi, ko in gasa miki kunnen nan mu ci da burodi.”

Shi kuwa Purvis, wanda ya gaji muryar ubansa da tafiyarsa har da tarinsa, shekara goma sha ɗaya ya ɗauka kafin ya ci abinci a teburi ɗaya da ita. Sunan Claudine bai taɓa hawa harshensa ba, na dā kuma uwar ta hana. Sai ya tsaya a kan Auta, kowa ya huta.

Sannan tsufa ya zo wa Mama Ozella ta ƙofa biyu. Ciwon suga ya fara cinye idanunta, har ta koma gane mutum da hannu. In ka durƙusa gaishe ta, tafinta zai hau kanka ya shafa, sannan ta kira sunanka. Bayan idanu sai gigin tsufa. Ranar da ta kunna risho ta ɗora mataji ta fita neman 'yan matan da tuni suka zama kakanni, ranar aka yanke shawarar kai ta gidan kula da tsofaffi da ke hanyar fita gari. Claudine ta yi kuka kamar ita ta sayar da uwarta. Daga nan Asabar ta juya: ita ce ke zuwa da mai da mataji ta yi wa tsohuwa kalba, tsohuwa kuma ta miƙa hannu ta kama jelar gashin 'yarta ta riƙe har a gama.

A cikin bazarar bara ne ta fara kiran Clovis.

Nedra, ma'aikaciyar da ke kula da ɗakinta, ita ta fara gaya wa Claudine. “Anti Claudine, wane ne Clovis? Tun jiya take nemansa, ta ƙi cin komai.” Yarinyar baƙuwa ce a garin, da gaske take tambaya. Claudine ta ce wani ɗan'uwa ne da ya daɗe da tafiya, ta shiga ɗakin. Tsohuwa ta shafa kanta, ta kama gashin, ta yi ajiyar zuciya, jikinta ya saki. Ba a fi minti biyar ba ta zabura.

“Baiwar Allah, kin ga Clovis? Ku nemo min shi. Ku shigo da shi ciki, ubansa ya kusa dawowa.”

“Mama, ni ce. Claudine ce.”

“Na ce ku shigo min da shi!”

Haka aka yi wata biyu. Tsohuwa ta rame har zobenta ya faɗi daga yatsa. Likita ya ce zuciyar ta gaji, a fara shiri. Abin da ya cinye Claudine ba mutuwar ba ce, kowa ya san tana tafe. Tunani ne ya hana ta sakat: ashe duk Asabar ɗin nan ta shekara ashirin da huɗu haƙuri kawai tsohuwa take yi? Ashe da hankali ya tafi, abin da ya rage a ƙasan zuciya ɗanta ne, ba 'yarta ba? Ta bar cin abinci ita ma. A layin aiki ta yanke yatsa sau biyu a mako ɗaya, ita da ake kawo sababbi su koyi riƙon wuƙa a wurinta.

Purvis ne ya kawo shawarar. Ya same ta a baranda ranar Alhamis da yamma, ya zauna a matakala yana juya hula a hannu.

“Auta, ba faɗa na zo yi ba. Kwana nawa ya rage mata? Ɗanta take nema. Awa ɗaya ce kawai. Ki sa kwat ɗina, ki gaishe ta, ta ji ɗanta ya zo, ta tafi da sanyin zuciya. Bayan nan ki koma yadda kike, wallahi ba zan ƙara cewa komai ba.”

“Kwat ba wuya. Ka manta Mama da hannu take gani?”

Bai manta ba.

“Gashi ne fa,” ya ce a hankali. “Fitowa yake yi. Uwa kuwa ba ta fitowa.”

Ta zage shi tas, ta haɗa da matarsa da karensa, ta kore shi. Juma'a ta je shagon aski na tsoho Lemuel. Mazan da ke zaune suka zuba mata ido. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, Lemuel ya ajiye almakashi ya ce, “'Yar nan, ni da Ozella aji ɗaya muka yi. In na taɓa kan nan, ko daga kabari sai ta taso ta fasa min gilashi. Nemi wani.” Ta fito.

Mu da muka ji labari, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Mafi yawanmu cewa muka yi Purvis ya yi gaskiya, ai uwa ta fi gashi. Har da masu cewa dama can abin da ya kamata ke nan. Duk cikinmu akwai waɗanda suka tsaya a bakin titi suna kallo ranar da Elbert ya dawo daga kogi, kuma duk mun ji abin da tsohuwa ke faɗa. Babu ko ɗaya da ya haɗa wannan da wancan. Ina faɗa ne da kunya, don har da ni.

Asabar da safe Claudine ta aika a kira Purvis ya zo da injinsa. Ta fito da kujera baranda, ta yafa tawul, ta ɗaure gashin gida biyu. Ya tsaya a bayanta.

“Auta, ko dai a bari?”

“Kai ka kawo magana. Yi ka gama kafin in canza.”

Ya fara datse jelar biyu da almakashi, ya miƙa mata, ta ɗora a cinya. Sannan injin ya hau. Ba ta yi kuka ba, idonta na kan titi. Da ya iso ƙeya ya ga tabon, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Kwat ɗin Purvis da ta sa ya matse ta a kafaɗa, takalmin ya yi mata yawa. Ta cire 'yan kunne, ta wanke fuska. Da ta wuce madubin falo ba ta duba ba.

Nedra ba ta gane ta ba sai da ta yi magana, sannan ta toshe baki da hannu ta matsa gefe. Mama Ozella na kwance an tokare ta da matasai, fuskarta na fuskantar taga. Claudine ta durƙusa a gefen gado. Purvis ne ya yi magana daga bakin ƙofa, da wannan muryar tasa.

“Ga Clovis nan. Na kawo miki shi.”

Jikin tsohuwa ya ƙame. Ta ɗago hannu a hankali, ta lalubo kafaɗa, ta hau wuya, ta sauka a ka. Tafin ya zagaya sau ɗaya. Ya koma ya sake zagayawa, yana neman abin da ya saba kamawa. Yatsun suka gangara ƙeya suka sami tabon a fili, babu abin da ya rufe shi.

Ƙarar da ta yi, Nedra ta ce har ƙarshen baranda an ji.

“Elbert! Ka sake? Ka sake aske min yarinya? Allah ya isa, Elbert! Me ta yi maka? Fita min daga gida!”

Ta lalubi kofin ruwa ta jefa wajen muryar. Matar da ta yi mako ba ta iya ɗaga cokali. Purvis, mai shekara sittin da uku, ya fita da baya ya jingina da bango yana kuka kamar yaro.

Ita kuwa ta jawo kan nan mai santsi ta manna a ƙirjinta da iya ƙarfin da ya rage mata.

“Na ce su shigo da ke ciki. Na yi ta faɗa, babu wanda ya ji ni. Ina tsaye, 'yata, ina tsaye da mataji a hannu, na sake bari.”

“Mama, ba shi ba ne. Ni ce. Ni na sa aka yi.”

“Na yi miki alkawari. Na sake bari.”

“Mama, ki saurare ni, Baba ya daɗe da mutuwa, ni da kaina…”

Ina, ba ta ji. Tana can a ƙofar kicin shekara arba'in da biyar baya, babu muryar da za ta iso ta. A nan Claudine ta gane abin da tsohuwa ke nema wata biyu. Ba ɗa take so a dawo mata da shi ba. Yarinyarta take son ɓoyewa kafin uban ya iso, da sunan da ta san ta da shi a lokacin. Kuma duk Asabar da ta kama jelar nan ta yi ajiyar zuciya, tabbatarwa take yi cewa bai riga ya iso ba. Abu ɗaya da ke kwantar mata da hankali a duniya, shi 'yarta ta yanke ta baro a kan kujerar baranda.

Da kuka ya ci ƙarfinta, Mama Ozella ta ci gaba da shafa kan tana lallashi.

“Yi shiru. Zai fito, kin ji? Zai fito. Ki zo ranar Asabar in gyara miki.”

Lahadi Claudine ta dawo cikin rigarta, da ɗankwali. Litinin ta sayo gashin kanti ta sa. Hannun tsohuwa ya taɓa sau ɗaya ya ture, wa za a yi wa wayo da gashin roba, macen da ta yi shekara hamsin tana wannan sana'a? Yatsun suka kutsa ƙarƙashi suka sami fatar kai, kuka ya dawo sabo. Duk zuwan da ta yi sai hakan ta faru, har Nedra ta roƙe ta ta riƙa zama nesa da gado inda hannu ba zai kai ba. A kujerar bakin ƙofa ta yi kwana biyun ƙarshe, tana kallon uwarta na laluben iska. Laraba da hantsi tsohuwa ta cika.

Ita ta dafa abincin jana'izar, kamar kullum. Wannan karon a bencin gaba ta zauna, Purvis ne ya riƙo hannunta ya kai ta, babu wanda ya yi tari. Jelar gashin biyu ta naɗe a farin kyalle ta sa a akwatin gawa, ƙarƙashin hannun dama.

Tana nan a layi na uku har yau, tana dafa wa matattunmu ganye da wake. Purvis kan zo ya gyara mata famfo ko ya yanke ciyawa, ba sa doguwar hira. Matajin ƙarfen yana rataye a ƙusa kusa da risho, ta hana a taɓa. Gashin ya fito, kamar yadda Mama Ozella ta ce. Fari fat ya fito, yanzu ya kai a kama da yatsu. Maƙwabciyarta ta ce wata Asabar ta leƙa aron gishiri, ta same ta zaune a ƙasa a tsakiyar kicin, ta jingina da kujerar da babu kowa a kai, ta riƙe kunnenta.